Arsenik a cikin kifin teku: adadin da na samu ya tayar mini da hankali

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aikin bincikena na digiri na biyu a kan kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga teku, musamman taitus da shawa. Na busar da tsokar, na daka, na narkar da ita a cikin asid, sai awo ya nuna mini arsenik, wani sinadari mai guba, wanda ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, wato maikirogiram 10 a kowace lita, sau ɗaruruwa. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin kifin da muke ci a gida ke nan. Malamai, kuskure ne na yi a awon, ko kuwa guba muke ci?

Malamin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Mai yiwuwa awonki daidai ne, sai dai jimillar arsenik kika auna, ita kuwa jimilla ba ta gaya miki wane iri ne a ciki. Ruwan teku yana ɗauke da maikirogiram 1 zuwa 2 a lita, galibinsa irin da ake kira arsenet, wanda ya yi kama da fosfet, sinadarin da tsirrai ke buƙata, har tsirran teku suke zuƙarsa a kan kuskure. Su kuma sai su ɗaure shi da kabon da sukari, kuma idan ya bi ta cikin halittun da ke cin juna ya isa tsokar kifi, mafi yawansa ya riga ya zama arsenobetayin. Masu bincike Edmonds da Francesconi ne suka fara gano wannan sinadari a 1977, a jikin wani babban jatan lande na yammacin Ostireliya. Idan mutum ya ci shi, ƙoda takan fitar da shi a fitsari cikin 'yan kwanaki ba tare da ya sauya ba. Abin tsoro shi ne arsenik marar kabon, wato arsenayit da arsenet, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji, kuma kasonsa a kifin teku kaɗan ne ƙwarai.

Saboda haka sai kin rarrabe su. Ana tura ruwan samfurin ta HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai, inda kowane iri ke fitowa a lokacinsa, sannan ICP-MS, na'urar da ke gane sinadari ta nauyin ƙwayarsa, ta ƙidaya arsenik a lamba 75, wato nauyinsa. Ki kula da gishiri, domin kulorin da ke cikinsa mai nauyi 35 yakan haɗu da iskar agon ta na'urar mai nauyi 40 ya ba da 75 daidai, na'ura ta ɗauka arsenik ne, shi ya sa ake shigar da iskar hiliyam don kawar da shi.

Mai Awon Abinci ya ƙara:

Na yarda da Malam, amma kada a ce duk abin da ya fito daga teku lafiya lau ne. Ciyawar teku da ake kira hijiki, wadda ake ci a Japan, tana tara arsenik marar kabon da yawa, har hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a a 2004 da su daina cin ta.

Ɗalibar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To idan na samu inda zan yi amfani da waɗannan na'urori, me zan fi kiyayewa?

Malamin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Ki fara da samfurin da aka riga aka san abin da ke cikinsa, kamar DORM na Kanada, wanda aka yi da tsokar kifi. Idan awonki bai dace da nasa ba, kada ki taɓa naki kifin. Arsenayit yana saurin komawa arsenet yayin tatso arsenik daga tsokar, don haka da gangan ake mayar da shi duka arsenet a bayar da su a haɗe. Sannan taitus kifi ne mai maiƙo, kuma akwai arsenik da ke maƙale a cikin man, wanda ruwa ba ya tatso shi, gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin halitta kuwa sun nuna wasu daga cikin irinsa suna da illa. Ki tatsi man daban ki auna, sa'an nan ki haɗa duk kason da kika samu ki gwada da jimillarki ta farko, ki rubuta gibin da ya rage a rahotonki.