Wa yake shanye min data? Muhawarar zauren unguwa

Mai Shagon Caji: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Data ta wata guda na saka wa rautar shago, wato na'urar da ke raba wayfai, ba a je ko'ina ba ta ƙare. Da na duba sai ga wayoyin da ban sani ba a jone. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa ya san kuɗin data ba wasa ba ne. Ɓarayin da ke shan wayfai ɗina ban yafe musu ba. Yanzu na ɓoye sunansa, na tabbata babu mai sake shiga.

Ɗan Makaranta: Haba Yaya, ɓarayi kuma? Wanda yake kwance a ɗakinsa wayfai ya same shi, katangar wa ya haura?

Malamin Islamiyya: Da kuɗi aka saye ta, ɗana. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, ko ana ganinta da ido ko ba a gani.

Hajiya: Ina son a fito fili. Yarana kullum suna shagonka, su kake kira ɓarayi?

Mai Shagon Caji: Hajiya, ban kama sunan kowa ba.

Hajiya: Ba sai ka kama ba. Duk abin da ya ɓace a unguwar nan yaran layin masallaci ake kallo.

Mai Gyaran Waya: Ku tsaya, akwai gyara a maganar mai shago ta farko. Ɓoye suna ba ya hana komai. Duk wayar da ta taɓa shiga tana riƙe da lambar sirrin, kuma daga Android 10 zuwa sama mutum zai iya fito da lambar QR abokinsa ya ɗauka ya shige, ba tare da an faɗa masa ko harafi ɗaya ba. Akwai ma manhajojin da ke tattara lambobin sirrin wayfai suna raba wa duk wanda ya sauke su. Ka shiga shafin rautar, adireshin yana rubuce a jikinta, sau da yawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Ka fara canza lambar shiga shafin, don da yawa "admin" suke zuwa da shi daga kamfani. Sannan ka sa sabuwar lambar wayfai mai tsawo, kar ta zama lambar wayarka ko sunan shago. A wajen nau'in tsaron wayfai ka zaɓi WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018 idan rautar tana da shi, tsohon tsarin WEP kuwa an daɗe da fasa shi. Ka kashe WPS, wato hanyar jona waya a sauƙaƙe ba tare da lambar sirri ba, tun 2011 aka gano ana iya cankar lambobinsa takwas. Kwastomomi ka buɗe musu wayfai na baƙi daban a rautar.

Ɗan Makaranta: Kun ji ko? Idan shi da hannunsa ya ba wani, wanin ya ba wani, ina satar? Kyauta ce ta yi yawa.

Malamin Islamiyya: Mutum ɗaya ya ba. Izinin bai wuce wannan mutumin ba.

Ɗan Layin Kasuwa: Ko a doka laifi ne. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana shiga na'urar wani ba da izini ba.

Ɗan Makaranta: To a kai mu kotu. Shi da ya ƙara kuɗin caji ranar da aka ɗauke wuta, me za a kira shi?

Mai Shagon Caji: Fetur ɗin janareta kai kake saya min?

Hajiya: Ni dai ya janye kalmar nan, ko na bar zauren.

Ɗan Layin Kasuwa: Ku 'yan layin masallaci kullum ku ne masu gaskiya.

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: Malam ya yi bayani, doka ma ta faɗa, shan wayfai ɗin wani ba da izini ba sata ce. Ɗan uwana mai shago shi aka zalunta, kuma yaran da abin ya shafa sun san kansu. Maganar kuɗin caji ba wurinta ba ne nan. Na rufe.

Hajiya: Yaushe aka tsayar? Don ƙaninka ne.

Mai Gyaran Waya: Yaya, har yanzu tsohuwar lambar ce a kan rautar. Kawo ta shago bayan la'asar mu canza.