Fitilu suna kamawa amma motar ta ƙi tashi, don Allah a ba ni shawara

Maman Sadik, Gadon Ƙaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin mota ku taimaka min. Corolla ce ƙirar 2006, otomatik. Jiya da la'asar lafiya ƙalau na dawo da ita daga Kantin Kwari. Yau da safe zan kai yara makaranta, na murɗa mukulli sai "kat-kat-kat-kat" kawai take yi, inji ko motsi. Abin da ya ɗaure min kai, fitilun gaba suna kamawa, rediyo na yi, hon ma na yi. Maƙwabcinmu ya ce tunda akwai wuta ai ba batir ba ne, kik ne ya mutu, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, in shirya kuɗin sabo. Maigidan ya yi tafiya, ƙarshe dai a adaidaita sahu na saka yaran. Batirin wata 14 ke nan da sa shi. Me ya kamata in yi?

Baban Amira, Hotoro: Wa'alaikumus salam. Hajiya a samu yaran unguwa su tura ta mana, in ta tashi sai ki wuce gareji.

Oga Rewaya, Ƙofar Ruwa: Alhaji, ai ta ce otomatik ce, turi ba ya tayar da ita, sai mai giyar hannu. Hajiya kar ki sayi komai tukuna. Maganar maƙwabcinku ita ce ke sa mutane asarar kuɗi kullum a wajenmu. Ƙwan fitila ɗaya wat 55 ne, guda biyun duka wutar da suke ja ba ta wuce amfiya 10 ba. Kik kuwa a lokacin da yake juya inji yana jan sama da amfiya 100. Kin ga batirin da ya yi sanyi zai iya kunna fitila ya kasa juya inji, kamar mutumin da zai iya ɗaukar buta amma ba zai iya ɗaga buhun shinkafa ba.

Ga abin da za ki yi yanzu: kunna fitilun gaba, ki sa wani ya tsaya yana kallonsu, sai ki murɗa mukulli. In suka dusashe sosai ko suka mutu, wutar ce ba ta isa, ko dai batirin ya sauka ko kan batirin bai kama da kyau ba. In kuwa haskensu bai ragu ba ko kaɗan, kuma "kat" ɗaya tak kika ji ko shiru, to nan ne za mu fara zargin kik, ko rile, wato makunnin da ke tura masa wuta, ko fiyus ɗinsa. Wannan kat-kat mai yawa da kika faɗa, ni ƙarancin wuta take nuna min.

Anti Binta, Zoo Road: Ki duba giyar ma ko ta zauna daidai a P. Tawa ta taɓa yi min haka a bakin asibiti, na mayar da ita N na taka birki ta tashi. Sai dai tawa shiru ta yi, babu ƙara.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Oga na gwada, ina murɗawa fitilun suka kusa mutuwa. Na buɗe bonet kuma na ga wani farin gari mai ɗan shuɗi-shuɗi ya lulluɓe kan batirin guda ɗaya, na taɓa wayar sai na ji tana motsi.

Oga Rewaya: Yawwa, ga shi nan. Wannan garin tsatsar ruwan batir ce, tana tare hanyar wuta. Kar ki sake taɓa shi da hannu, yana cin fata, a kuma kiyaye ido. A kashe komai a zare mukulli. A fara kwance baƙar waya mai alamar ragi, sannan ja, don in aka fara da ja sifana ta haɗu da ƙarfen mota tartsatsi zai tashi. A wanke kan da ruwan zafi, a goge da sanfefa har sai ya yi haske, a mayar da ja tukuna sannan baƙa, a ɗaure tamau.

In ta tashi duk da haka ki kai a auna da mita. Lafiyayyen batir in inji a kashe yake yana nuna wajen bolt 12.6, inji na aiki kuma wajen 14, alamar altaneta, na'urar da ke cika batir, na caji ke nan. Ina roƙonki kar ki yarda wani ya cire kan batir mota na kunne wai yana gwada caji. Ana yin haka da yawa a garejojinmu, kuma yana iya ƙona birenbos, wato kwamfutar motar, gyaran da ya fi kuɗin batir nesa ba kusa ba.

Malam na Kabuga: Gaskiya ne. Zafin Kano ma na cin batir, musamman a watan Afrilu da Mayu, yana ƙafar da ruwansa. In mai murfi ne a duba, a ƙara masa ruwan batir tatacce, ban da na famfo.

Maman Sadik: Alhamdu lillahi! Ƙanena ya zo da sifana mai lamba 10 ya yi yadda Oga ya ce, murɗawa ɗaya ta tashi. Mun je an auna, caji na nuna 14.1, batirin ma an ce da sauransa. Kan wayar ne kawai ya tsage, an canja shi. Allah ya saka muku da alheri, Oga Allah ya ƙara buɗi. Bari in je in ɗauko yaran, an kusa tashi.