Kifayena suna goga jiki da duwatsu: in zuba magani ko in dakata?

Baban Ummi, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tankin gilashi mai cin lita 80, da ƙananan kifayen ado a ciki, gupi tara da moli uku. Yau kwana uku ke nan biyu suna goga jikinsu da duwatsu kamar masu ƙaiƙayi. Suna cin abinci, ban ga tabo ba. Mai shago ya ce in zuba shuɗin magani kawai, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ya taɓa gani ya taimaka min.

Maman Khalifa, Kaduna: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka auna ruwanka tukuna. Bara na wanke soson filta da ruwan famfo, ashe kulorin ya kashe ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi, amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin, ta taru. Kifayen suka fara goga jiki, suna hawowa sama suna haki. Na ɗauka cuta ce, na zuba shuɗin maganin nan, shi ma ya ƙarasa ragowar ƙwayoyin filtar. Huɗu na kwashe da safe, cikinsu har da wata mace mai ciki. Da na canza rabin ruwan tun ranar farko da ban yi wannan asarar ba. Har yau abin yana min ciwo.

Ɗan Jos: Gaskiya Hajiya ta faɗa, amma nawa cutar ce ta gaske. Lokacin hunturu ruwan ya yi sanyi cikin dare, ga wani sabon kifi da na saka ban killace shi ba. Na kashe fitilar ɗaki na haska tocila ta gefen gilashi, sai ga ɗigo farare a wutsiya kamar an barbaɗa gishiri. In ka ga wannan, kada ka jira. Abin da ya kamata ka sani shi ne, muddin ƙwayar tana jikin kifi tana ƙarƙashin fata, magani ba ya taɓa ta. Sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan sun fito suna iyo, sannan yake kashe su. Shi ya sa na ɗaga hita a hankali zuwa digiri 29, na ƙara iska, na cire gawayin filta don yana shanye magani, na ci gaba har kwana huɗu bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace. Masu tsayawa da zarar jiki ya washe, su ne take dawo musu. In kana da dangin tarwada marasa ɓawo, rage maganin, ba sa jure shi.

Anti Bilki: Ni kuwa fararen ƙuraje na gani a marfin kuncin kifin gwal ɗina da gefen fiffikensa na gaba. Ashe namiji ne ya isa barbara. A jere suke, ba su bazu zuwa wutsiya ba, kuma lafiyarsa lau.

Malam na Zariya: Ni tsutsar ciki na yi fama da ita. Farin kashi mai kamar zare shi kaɗai ba hujjarta ba ne, kifin da bai ci ba ma yana yi. Abin da ya sa na yi magani shi ne jajayen tsutsotsi da na gani da idona suna leƙowa ta duburar gupi, ga shi tana ramewa duk da tana ci. Levamisole na yi amfani da shi, na zuƙe ƙasan tankin washegari, na maimaita bayan mako biyu. Tsutsotsi masu maƙalewa a wurin numfashi kuma praziquantel ne maganinsu, wanda ake ba mai tsargiya.

Baban Ummi, Kano: Allah Ya saka da alheri. Na auna, amoniya babu. Amma daren jiya na haska tocila yadda Ɗan Jos ya ce, na ƙirga ɗigo uku a wutsiyar molin da na sayo kwana goma da suka wuce. Na cire gawayin, na fara magani da safen nan. Damuwata yanzu wuta, don jiya awa shida babu ita. Ɗan Jos, ya ka yi da hita da famfon iska in an ɗauke?