Mota ta ƙone gasket, sito ya cika da kaya, ga gida ya ɗau zafi: mi kuka gani?

Baban Ummi, Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nika biɗa, ku yi min haƙuri zancen da ɗan tsawo, don matsala biyu ta haɗe min wuri guda kuma kwana ukku ke nan ban samu barcin kirki ba.

Ina da ƴar Corolla ta 2004, Beljiyam nis saye ta shekara bakwai da sunka wuce. Ita ka kai yara makaranta, ita ka kai Inna asibiti duk wata a duba mata hawan jini, kuma kun san yadda ranar Sakkwato take a watan Afrilu, ba a ɗora tsohuwa bisa kabu-kabu da tsakar rana. To tunda zafin ga ya shigo allurar zafin inji ta fara hawa in na shiga cunkoso, sai in raɓe in ƙara ruwa in wuce abina. Ran Asabar muna dawowa biki daga Tambuwal, mun wuce Shagari ba mu kai Bodinga ba, sai ga tururi ya turnuƙe ta gaban mota, yara sunka fara kuka, mun fi awa biyu gefen hanya ƙarƙashin wata bedi kafin Allah ya kawo wani mai a-kori-kura ya jawo mu gari. Bakanike ya duba yac ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikin injin, ya ƙone sai an buɗe kan inji, ga lagireto shi ma ya toshe, kuɗin da ya lissafa min sun kusa albashina na wata guda kuma bai ko sa ladan aikinshi ba.

Matsala ta biyu, akwai ɗaki guda kusa da zaure da munka maida sito tun bayan rasuwar Baba shekara huɗu ke nan. Abin da ke ciki Allah kaɗai ya san yawanshi: ƙananan janareto biyu da sunka daina tashi, firij da ya mutu tun ba a haifi autarmu ba, talabijin mai ƙeya, tsoffin batir na mota guda biyu, katifu, keken ɗinki, sai kwanukan auren Maman Ummi, su samira da kwalla da kumbo cike da kwalaye, sannan adakar Baba da littattafanshi da buzunshi da rediyonshi da tsohon kekenshi. Ƙofar ma da ƙyar take buɗuwa. Makon jiya kunama ta harbi Abba a bakin ɗakin ya je ɗauko ƙwallo.

Sai nic ce tunda ga buƙata ta taso, a kira ƴan gwangwan su kwashe komi a yi ciniki guda, a gyara mota, ɗakin kuma a share shi yaran maza su koma ciki don sun girma. Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa. Maman Ummi tac ce kada wanda ya taɓa mata kwano ko guda, kuma tun ranar gaisuwa kawai ka haɗa mu. Inna ko ba ta ce komi ba, "to" ɗai tac ce ta shige ɗaki, amma ni na ga idonta.

Yanzu motar in gyara ta ko in rabu da ita haka nan? Kuma kayan ga ya zan yi da su ba tare da na ɓata ma kowa ba?

Mai Sifana

Wa'alaikumus salam. Yallaɓai sannu, Allah ya tsare gaba, ya ba Abba lafiya. Ni kanikanci nika yi, kuma duk bazara irin aikin ga shi ka cika muna gareji, don haka bari in yi magana kan motar, na cikin gida in bar ma manya.

Tambaya ta fari, ruwan da kaka ƙarawa wane iri na? Na san amsar, ruwan rijiya ko na bohol. Ƙasarmu ƙasar farar ƙasa ta, ba banza anka kafa kamfanin siminti Kalambaina ba, kuma ka duba cikin butar shayin gidanku ka ga farin abin da ka liƙe ma gindinta, to shi ɗin na ka taruwa cikin siraran bututun lagireto sannu sannu har ruwa shi kasa wucewa. Ga tsatsa, don ruwa zalla ba shi hana tsatsa. Ga ƙurar hunturu da ta cushe haƙarƙarin lagireton ta waje iska ba ta ratsawa. Motar ba ta yi maka laifi ba, ta daɗe tana gaya maka da allura.

Na biyu, ka tambayi bakanikenka ko tamostat na nan. Mafi yawan motocin da anka shigo da su, wani ya riga ya cire shi da sunan wai nan ƙasar zafi ta. Kuskure na babba. Aikinshi shi tsare ruwa har inji shi ɗumama, wajen digiri 80 da ƴan kai sai shi buɗe, in babu shi inji ba ya zama kan zafin da anka ƙera shi da shi, mota ta dinga shan mai, kuma cire shin ba ya maganin toshewar lagireto, ɓoye ciwon kawai shika yi. Haka murfin lagireto, mutane na raina shi, alhali shi ka riƙe matsi har ruwa shi wuce digiri 100 bai tafasa ba. In robarshi ta mutu ruwa zai dinga gudu kana ƙarawa ba ka ga inda shika zuba ba.

Kafin ka yarda a buɗe inji ka gani da idonka. Da safe inji na sanyi a buɗe murfi a tada mota, in kumfa na tasowa ba tsayawa, ko farin hayaƙi mai yawa na fita ta salansa bayan mota ta ɗumama, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, to lalle gasket na. In an buɗe kuma kada a ɗora sabo haka nan, kan injin motarka na alminiyam na, zafi na lanƙwasa shi, dole a kai a auna in ya karkace a goge fuskar ta daidaita, in ba haka ba wata biyu ka dawo. A duba famfon ruwa da fanka ko tana tashi kan lokaci, a wanke lagireto ko a canza shi, sannan a zuba kulan na gaskiya, wato ruwan musamman na sanyaya inji. Kuma don Allah kada ka sake buɗe murfin lagireto mota na da zafi, na ga wanda ya sale tun daga hannu har wuya.

Shawarata ka gyara. In ka saida ta a mace masu sayen matattun motoci za su taya ta kamar kuɗin akuya, kuma abin da za su ba ka ba zai sai maka rabin irinta ba yanzu. Batir ɗin nan biyu kada ka haɗa su cikin cinikin gwangwan, masu batir na sayensu daban saboda dalmar da ke ciki, kuma kada yara su taɓa ruwan. Janareton ma ka kawo a duba, sau da yawa tsohon fetur na ya daskare cikin kafireto, in an wanke anka canza filogi sai shi tashi, ka ga kuɗin mai aiki daban da na mataccen ƙarfe.

Maman Hanif, Arkilla

Baban Ummi ka yi haƙuri zan faɗa maka gaskiya a matsayin yayarka. Kwanukan nan ba naka ba ne. Ba na gida ba ne ma, nata ne ita kaɗai. Kai kana ganin kwalaye sun tare ɗaki, ita kuma tana ganin mahaifiyarta da ta yi shekaru tana adashi, yau ta sayi samira guda ta ɓoye ƙarƙashin gado, baɗi ta ƙara kwalla, tun yarinyar ba ta san ma mene ne aure ba. Sai kawai ta ji ka haɗa su jimla guda da mataccen firij ka ce a kira ƴan gwangwan? Ko ni ce sai na yi fushi, wallahi. Ba sayarwar ce ta ƙona mata rai ba, yadda ka faɗe ta ne, ba ka tambaye ta ba, sanarwa ka yi.

Ni da kaina na rage nawa bara da muka tashi daga gidan haya, kuma ba wanda ya sa ni. Na zauna na ware kashi uku, waɗanda nake so in ajiye ma ɗiyata ko da zamani ya canza, waɗanda na ba wata marainiya a unguwarmu da za a kai ɗaki iyayen riƙonta ba su da hali, sauran na ba dillaliya ta kai min. Kuma dillaliya ta san darajar tsohon kwano fiye da mai gwangwan nesa ba kusa ba, shi a sikeli zai ɗora ya biya ka kuɗin ƙarfe, ita ko ta san matan da ke neman irin na da ɗin nan masu kauri don na yanzu ba su kai su ƙwari ba.

Ka je ka ba ta haƙuri tukuna, kar ka haɗa da zancen mota a zama ɗaya. In ta huce ka ce mata ɗakin kake so saboda yara sun girma kuma ga kunama, ka tambaye ta ina take ganin za a sa kayanta, ko a buga mata kanta a ɗakinta. In ta ga dama ta sayar da wasu kuɗin nata ne, in ta ba ka a gyaran mota ka karɓa a matsayin rance ko kyauta ka yi godiya. Keken ɗinkin fa na waye? In yana aiki kar a sayar, Ummi ta fara koyo lokacin hutu.

Abu Maryam

Ni abin da ya tsaya min a rai shirun Inna ne. Malam, an raba gadon Baba kuwa? Don in ba a raba ba, adakar nan da keken da rediyon har buzun ba ka da ikon sayar da su kai kaɗai, ko da kai ne babba kuma kai ke riƙe da gidan. Haƙƙin magada ne duka. Ayoyin suna nan a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, Inna tana da tumuni tunda akwai ƴaƴa, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya in akwai, saura kuma tsakaninku namiji rabon mata biyu. Mutane suna raba gida da gona su manta da ƙananan kaya suna ganin ba su taka kara sun karya ba, alhali ko allura ce haƙƙi ne.

Abu mai sauƙi, ka kira ƴan'uwanka maza da mata a zauna gaban Inna, a buɗe adakar tare. Mai son wani abu don tunawa ya ɗauka da yardar sauran, abin da aka yarda a sayar a sayar a raba ko kowa ya yafe da bakinsa. Littattafan kar a bar ma gara, in ba mai karantawa a gidan a kai makarantar allo ko masallacin unguwa ya zama sadaka mai gudana ga marigayin, waɗanda suka yage masu ayoyi a ƙone su a wuri mai tsarki ko a binne, kar su shiga buhun ƴan bola. Kuma ka duba da kyau, mutanen da sukan ajiye takardun gona da na bashi a cikin littafi.

Ɗan Runji

Ni dai ra'ayina daban. Tun da anka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 mota ta zama ta larura, ni aje tawa niy yi nis sai babur kuma ban yi nadama ba. Amma kai da kake da tsohuwa ga asibiti duk wata, ga yara, ban ce ka bi ni ba. Ka gyara, sai ka rage yawo da ita, abin da ƙafa ko keke zai yi kada ka tada inji.

Baban Ummi, Mabera

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai Sifana, na je garejin da safe, tamostat babu shi kamar yadda kac ce, ni ban ma taɓa sanin an cire ba, kuma baƙin man ya koma fari-fari. Na ce kada a ɗaura komi sai an kai kan injin an auna. Batir biyu da firij da talabijin, waɗannan nawa na da kuɗina nis saye su, na fitar da su jiya, janareto guda ya tashi bayan an wanke kafireto, gudan ya ƙi.

Yaya Maman Hanif, maganarki ta shige ni. Na ba ta haƙuri daren jiya ban ko ambaci mota ba. Ba ta ce komi kan kwanukan ba tukuna amma da safe ita ta kawo min kunu da kanta. Keken ɗinkin na Inna na, ashe Baba ya sai mata shi shekarar da anka haife ni, ni ban sani ba sai jiya da niz zauna wurinta bayan isha'i.

Abu Maryam, gida da gona an raba, kayan ɗakin ne ba wanda ya tuna da su. Na kira ƙannena, ta Gusau tac ce sai ran Juma'a za ta samu zuwa, don haka adakar na nan a rufe har ta iso. Kuɗin da nis samu ba su kai rabin gyaran ba, sauran zan jira albashi, wata ga Inna a keke napep za mu asibiti da sassafe kafin rana ta yi. Wanda ya san inda aka saida kulan mai kyau nan cikin gari don Allah shi yi min kwatance.