Tambaya kan famfon kalsiyam na tsokar zuciya

Assalamu alaikum, malamai likitoci. Ni ɗalibar likitanci ce a Kumasi, kuma wani batu ya tsaya mini a rai.

Na fahimci cewa famfon SERCA2a ne ke mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa a cikin ƙwayoyin tsokar zuciya don tsokar ta saki, cewa wani furotin mai suna fosfolamban yana taka wa famfon birki, sai adirenalin ya sa a ɗage birkin. To, a gazawar zuciya, inda famfon ya riga ya raunana, me ya sa maganin bisoprolol, wanda ke toshe tasirin adirenalin, yake taimakawa?

Kakata a Aboabo tana shansa, kumburin ƙafarta ya sauka har silifas yana shigarta, amma ni na kasa haɗa lissafin. Don Allah a warware mini.