Precarity da Hausa: na tsaya a kan "zaman aro"

Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Ina fassara wani rubutu kan waƙoƙin indie na Ingila, sai kalmar precarity, wato halin ma'aikacin da ba shi da tabbas a aikinsa, ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san ta da Faransanci, précarité. Kwana uku ke nan ina juya ta. Wasu daga cikinku sun riga sun kawo shawarwari da ƙorafi, zan amsa musu a ƙasa.

Ita indie ba ta ba ni wahala ba. Asalinta ba salon kiɗa take nufi ba, ƙananan kamfanonin faifai take nufi, waɗanda ba sa ƙarƙashin manya. Misali, kamfanin Rough Trade ya fara ne da shagon sayar da faifai a Landan a 1976, Factory kuma aka kafa shi a Manchester a 1978. Na rubuta "mawaƙa masu cin gashin kansu", na wuce abina.

Amma ku dubi zamanin da suka taso. Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, zuwa 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3, sannan masu haƙar kwal suka shiga yajin aikin 1984 zuwa 1985. Da yawa cikin samarin da ke buga jita a lokacin da kuɗin tallafin marasa aiki suke cin abinci. Ciwonsu yana da suna, kowa ya san shi: rashin aiki.

Na yanzu ciwonsu daban ne. Aiki akwai, tabbas ne babu. A Ingila ana yin wata kwantiragi da za ka sa hannu ba tare da an yi maka alƙawarin ko awa ɗaya a mako ba. In sun buƙace ka su turo saƙo, in ba su buƙace ka ba ka yi ta kallon waya. Abin da ya ja hankalina a baitocin da nake karantawa shi ne ba kasafai suke kiran sunan firaminista ba. Suna waƙar manaja ne, da jadawalin aikin da aka sauya cikin dare, da kuɗin hayar da ya zo kafin albashi. Siyasar tana nan ciki, sai dai ba ta ɗaga tuta. Mawaƙin ma ba a tudun mun tsira yake ba: tun 2024 Spotify, dandalin sauraron waƙa ta intanet, ba ya biyan ko sisi kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, shi ya sa da rana za ka iske shi yana haɗa wa mutane shayi a kanti.

To wannan halin nake nema wa suna.

Malam, kai da ka ce "aikin wucin gadi", na gode, ita ce ta fara zo mini nima. Matsalarta ita ce wucin gadi yana da wa'adi sananne. Wanda ya shiga N-Power, shirin gwamnatin Najeriya na samar wa matasa aiki, a 2016 an gaya masa shekara 2 ne, naira 30,000 a wata. Ya san ranar fita tun ranar shiga. Mutumin da muke magana kansa zai iya shekara 10 a wuri guda, kuma kullum da dare bai san ko da safe za a bar shi ya shiga ba.

"Hannu baka hannu ƙwarya" tana da daɗin faɗi, amma talauci take bayyanawa. Akwai ma'aikacin kwantiragi a banki, ga kwat ga laktaye, albashinsa ya fi na malamin firamare, sai dai wasiƙa ɗaya ta isa ta mayar da shi gida. "Ƙwadago" kuma ƙungiyoyi sun riga sun ɗauke ta. Hajiya ta kawo "zaman ɗar-ɗar". Ranki ya daɗe, wannan ta kama abin da zuciya ke ji sarai, zan ma yi amfani da ita wajen fassara baitoci. Amma garin da 'yan bindiga suka addaba shi ma zaman ɗar-ɗar yake yi, kin ga kalmar ba ta nuna mana wanda ke riƙe da igiyar ba.

Da na rasa, sai na koma tushe. Kalmar daga Latin take, precarius, wato abin da aka samu ta hanyar roƙo. A dokar Rumawa akwai precarium: mai abu ya ba ka ka mora, amma duk ranar da ya ga dama ya karɓe, ba ka da bakin ƙara. Ina karanta wannan sai na ce kai, ai gonar aro ce!

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin. Akwai gado, akwai saye, akwai haya, akwai jingina, akwai aro. Mai jingina ya ba da kuɗinsa, ba a fitar da shi sai an dawo masa da su. Mai aro ba shi da komai sai alherin mai gona. Shi ya sa ba ya dasa bishiya, kuma yana ɗari-ɗarin zuba taki da yawa, don in gonar ta yi kyau baɗi mai ita zai ce yana son abinsa. Ba lalaci ba ne, lissafi ne. Haka ma'aikacin da ba shi da tabbas yake: ya kasa sa ranar aure, ya kasa shiga dogon adashe, kuma dole ya riƙa yi wa oga murmushi ko ransa a ɓace. Direban adaidaita sahu da ke kai balas kowace yamma ya fi ni sanin wannan, tunda rana biyu ya gaza za a karɓi makulli. Haka malaman kwantiragi a Nijar.

Saboda haka shawarata: precarity ta zama "zaman aro". Aikin kansa "aikin aro". Ajin mutanen kuwa, da masanin tattalin arziki Guy Standing ya yi wa littafi a 2011 ya yaɗa sunan precariat, su zama "'yan zaman aro". Ku gwada a baki: "Shekara shida ina zaman aro a kamfanin nan." Ba sai an yi wa tsohuwa bayani ba. Ga kuma karin maganarmu da ke jiran ta, kayan aro ba ya rufe katara.

Yaya, na ga ƙorafinka cewa aro alheri ne, shi kuwa kamfani ba alheri yake yi maka ba, guminka yake saye. Gaskiyarka, kuma wannan ne raunin kalmar. Sai dai ni a wurina nan ne ma take da dafi. Mai kamfani yana biyanka haƙƙinka amma yana nuna kamar taimako ne, kai ma har ka fara jin kunyar tambayar kuɗin ƙarin lokaci. Wannan kunyar ce nake ji a muryar mawaƙan nan, kuma ina zaton ita ce ke sa ma'aikaci ya toshe kunnensa da waƙarsu a motar safe, ya ji wani ya faɗa masa abin da shi ba zai iya faɗa wa manaja ba.

Inda har yanzu nake tuntuɓe shi ne sifa. Bature zai liƙa kalmar ga lafiya, ga gida, ga takardar zama a ƙasa. "Gidan aro" ya zauna, "takardar aro" tana iya nufin ta wani ce ka ɗauko. A nan dole in koma "marar tabbas". Fassarar za ta tafi ranar Juma'a da "zaman aro" a ciki, sai in wani daga Katsina ko Tawa ya zo da wadda manoma ke faɗa da ban taɓa ji ba.