Rigimar garin amino a gidan 'yan ɗaga ƙarfe

Sadiqu Mai Keke: Assalamu alaikum jama'a, wallahi raina a ɓace yake. Tun bayan babbar sallah na rage ci, tuwon dare na yanke shi, shayi ba sukari, ina zuwa jim, tumbi ya sauka alhamdulillahi amma ku zo ku ga damtsena duk ya zube, hannun riga sai lilo yake, ga kuɗin da na narka a garin amino ɗin nan da aka ce shi zai riƙe min tsoka. Harkar nan yaudara ce kawai, da wake na saya da kuɗin da ya fi min

Oga Bash: Wa alaikumus salam. Yaudara? Malam Sadiqu ka iya bakinka, akwai masu sayar da kayan nan a gidan nan kuma da shi muke ci da iyali

Ɗan Fage: To oga shi ya kama suna ne? Tsarguwa ba kyau fa

Oga Bash: Ba da kai nake ba yaro. Ya janye kalmar kawai

Sadiqu Mai Keke: Ba a wajenka na saya ba oga, kuma ba zan janye ba

Baban Ilham: Zamba daban, tsada daban. Kaya in ya yi tsada ba a ce masa yaudara, a ji tsoron Allah

Malam Nura: Ku dakata don Allah. Sadiqu duba jikin robar, me aka rubuta?

Sadiqu Mai Keke: BCAA

Malam Nura: To ga matsalar nan. Amino acid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 9 ne jiki ba ya iya haɗawa da kansa sai dai daga abinci, wannan robar taka guda 3 kacal ke ciki, lusin da aisolusin da balin. Lusin shi ke ba tsoka umarnin fara gini, amma kamar ka tara magina ne ka ce a fara aiki alhali ba a kawo bulo ba, sauran 6 ɗin in ba su zo daga abinci ba jiki daga tsokarka zai warware su. Ga shi dama in mutum ya rage ci ginin tsoka raguwa yake. Kai kuma nasan halinka, ka yanke tuwo ka haɗa har da naman miyar

Oga Bash: Kun ji ko, ashe amino na aiki

Malam Nura: Ba haka na ce ba oga. A 2016 an yi gwaji a Jami'ar McMaster ta Kanada, samari 40 aka zabge wa kashi 40 cikin ɗari na abincinsu tsawon sati 4 suna motsa jiki mai tsanani. Rabi ana ba su furotin giram 2.4 kan kowane kilo na nauyinsu, rabi 1.2. Masu 2.4 sun zubar da kitse kilo 4.8 kuma naman jikinsu ya ƙaru da kilo 1.2, ɗaya ɓangaren kitse 3.5 suka zubar, naman kusan bai motsa ba. Yawan furotin ne da ɗaga ƙarfe. Mai kilo 70 ko giram 1.6 kan kowane kilo ya bi yana buƙatar giram 112 a rana, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 ne

Ɗan Fage: Ƙwai goma sha takwas kenan kullum, malam ka san kuɗin kiret yanzu kuwa 😂

Malam Nura: Wa ya ce ƙwai kaɗai? Ga kifi, nono, fara, awara. Laisin da methiyonin suna cikin sauran amino 6 ɗin nan, gero da masara suna da ƙarancin laisin, wake yana da shi amma methiyonin ɗinsa kaɗan ne, in ka haɗa su sun cike wa juna, shinkafa da wake ba abin rainawa ba ce sai dai ka rage man da kake zubawa

Tiger: Awara kuma? Allah ya kiyaye, an ce tana rage mazakuta

Malam Nura: Wa ya ce? An yi ta gwada waken suya a kan maza ba a ga ya rage musu sinadarin mazakuta ba

Tiger: Wani abokina ne ya gani a TikTok. Kai dai likita ne ko malamin makaranta?

Baban Ilham: Tiger wannan rashin ladabi ne, ya girme ka

Na Maraɗi: Duk ku bar wahala ku ci kilishi, amma namu na Nijar, ba wanda ake lafta wa ƙuli da kala ba

Ɗan Fage: Kai Na Maraɗi kar ka fara, kilishin unguwar Agadasawa ta Kano kaɗai ya ishe ku

Na Maraɗi: Shanun daga ina suke zuwa muku?

Oga Bash: Ni har yanzu janye kalma nake jira

Admin: To jama'a dare ya yi, ga abin da aka cimma. Malam Nura ya tabbatar da hujja daga Kanada cewa amino na gina tsoka, Sadiqu ne bai nemi shawarar masu sana'ar ba ya je ya sayo ba daidai ba, don haka kalmar yaudara ba ta da gurbi kuma kar a sake ta a gidan nan. Batun awara kowa ya yi hattara. Kilishi dai an san na Kano ne a gaba. Mai son kaya mai kyau ya yi wa Oga Bash magana ta ciki, akwai ragi ga 'yan gida. Na rufe sai da safe.